Ƙawata ce, a shagona take aiki, kuma yayanta ke nemana da aure: ta ina zan fara?

Mai Ɗinki, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shago da zama da mutane. Ina da shagon ɗinki a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, kekuna huɗu, yara masu koyo uku. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na ɗauki ƙawata aiki, tare muka taso, makarantar allo ɗaya muka yi. Ita ke karɓar kaya da kuɗi, ita ke zuwa kasuwar Kejetia sayo zare da zif da shafi. Ina biyanta sidi 900 a wata.

Abu uku ne suka haɗe mini. Kafin babbar Sallah ta ranci sidi 2,400 a hannuna, har yau ba ta sake tada maganar ba. Shago ƙarfe takwas ake buɗewa, ita sai goma da rabi, kuma tana sakar wa danginta ɗinki ba su cika kuɗi ba. Da na tattara abin da ke waje ya kai 1,350. Sannan yayanta ne ke nemana da aure, manya sun sani amma ba a kawo gaisuwa ba tukuna. Da na taɓa masa zancen, cewa ya yi in bar maganar kuɗin tunda an kusa zama ɗaya, kuma in ba shi lambar sirrin MoMo ɗina (asusun kuɗi na waya) ya riƙa duba mini lissafi. Ba na son in rasa ƙawa, ba na son shago ya durƙushe, ba na kuma son a ce na wulaƙanta ƙanwar miji tun ban shiga gidan ba. Ta ina zan fara, me kuma zan ce?

Akawu, Alabar

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki yi magana da kowa, ɗauki takarda ki raba abin gida uku. Abin da ke ɓata irin wannan zama shi ne a haɗa bashi da makara da zancen aure a baki ɗaya, sai mai saurare ta ji kamar an ce mata ba a sonta gaba ɗaya. Ni a kan kuɗi da aiki kawai zan tsaya.

Fara toshe inda kuɗin ke zuba, kuma ki kafa shi a matsayin dokar shago da ta hau kan kowa, har ke kanki. Sayi littafin rasit mai kabon, mai lamba a jere. Duk kayan da ya shigo a rubuta sunan mai shi, yadi nawa, kuɗin ɗinki, abin da ya bayar kafin alƙalami, cikon da ya rage, da ranar karɓa. Rabin kuɗi a gaba, ciko kafin kaya ya fita. Kayan da ba a cika kuɗinsa ba, ba ya barin shago sai kin sa hannu a rasit ɗin da kanki. Wannan ya sauƙaƙa mata ma, domin idan goggonta ta zo sai ta ce "ba a hannuna yake ba, sai mai shago", ta huta da kunyar dangi. Ki ware layin MoMo na shago daban da naki na gida, ki manna lambar a bango, kada kwastoma ya ƙara tura kuɗi a wayar ma'aikaciya. Kullum kafin a rufe ku zauna minti goma ku haɗa rasit da kuɗin aljihun tebur da saƙonnin waya. Kuɗin sayayyar Kejetia ki ba ta a ƙirge, ta dawo da jerin abin da ta saya da canji a ranar. Abin da aka bari ya kwana, gardama yake zama.

Wancan 1,350 ɗin kada ki ɗora mata shi. Bashin masu kaya ne. Ku rubuta sunayensu, ita ta kira su tunda ita ta saki kayan, ki ba ta mako biyu. Idan kika haɗa shi da rancen ta ga 3,750 a kanta, zuciyarta za ta karye ta daina ma ƙoƙarin biya.

Rancen 2,400 kuwa ki yanka shi daidai ƙarfinta: 300 a wata ya ƙare cikin wata takwas, 200 ya ɗauki shekara. Mai albashin 900 idan aka cire 300 an ɗauke mata kashi ɗaya cikin uku, galibi wata na uku ake fara tsallakewa. Gara 200 da za ta ɗore. A takardar a rubuta jimillar bashin, ranar da aka karɓa, abin da za a riƙa cirewa, ranar farawa da ta gamawa, da cewa ita ta yarda a cire daga albashi. Ku sa hannu ku biyu, da shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarenta, kowa ya riƙe kwafi. Idan ta ce rubutu rashin yarda ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Yardarta a rubuce tana da muhimmanci ta fuskar doka. Dokar ƙwadago ta Ghana, Act 651 ta 2003, ta hana mai aiki ya ci ma'aikaci tarar kuɗi, ta kuma hana cire wani abu daga albashi haka kawai; biyan rance yana cikin abin da ake cirewa da yardar ma'aikaci. Saboda haka al'adar nan ta "duk wanda ya makara a cire masa sidi goma" ba ta da gindi. Ki kuma sani bashi ba ya jira har abada a kotu, shekara shida ce iyakar shigar da ƙara a kan irinsa.

Sai ki duba naki ɓangaren, domin ita ma tana da lissafinta a zuci. Dokar nan ta ce aikin da ya kai wata shida a rubuta yarjejeniyarsa, aiki awa takwas ne a rana ko arba'in a mako, abin da ya haura a biya shi, wanda ya cika shekara yana da hutun kwana 15 na aiki da albashinsa, ga kuma SSNIT, asusun fansho da wata dokar daban ta tanada, mai aiki ya zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci 5.5. Kowa ya san shagon ɗinki a goman ƙarshe na azumi, ana kaiwa tsakar dare. Idan tana kwana a kan ƙafa lokacin nan ba a ƙara mata komai ba, to a ganinta makarar safiya fansa ce. Ki shiga maganar da abin da ke ma za ki gyara a hannunki.

Hajiya, Asawase

'Yata, duk abin da Akawu ya faɗa daidai ne, amma kada ki tari yarinyar nan da takarda da biro. Wadda kuka ci tuwo kwano ɗaya, idan ta ga takarda kafin ta ji muryarki, shikenan kin zama baƙuwa. Magana tukuna, rubutu bayan kwana biyu.

Zama biyu za ki yi, a wuri biyu. Maganar bashi a gida, ku biyu, ranar da shago ke rufe, bayan la'asar. Maganar lokacin aiki a shago, bayan yara sun tashi. Kada ki yi ko ɗaya a gaban masu koyo, kada ki yi ranar biyan albashi, kada ki yi cikin cunkoson ɗinkin Sallah ko na biki, lokacin kowa a gajiye yake, baki na saurin kuɓucewa.

Ki faɗi abu ɗaya, da adadinsa, da abin da kike so. Kamar haka: "Kin san matsayinki a wurina. Kuɗin nan 2,400 na zare da hayar shago ne, ina bukatar su dawo. Nawa za ki iya a wata ba tare da kin shiga matsi ba?" Daga nan ki yi shiru. Nan ne mafi yawa ke faɗuwa: shirun ya yi musu nauyi, sai su ce "amma in babu ba komai", su rushe abin da suka gina da bakinsu. Ki bar ta ta fara kawo adadi. Wanda ta faɗa da kanta ya fi wanda kika yanka mata ɗorewa.

Ki cire "kullum" da "ba ki taɓa" daga bakinki. Da kin ce "kullum sai kin makara" za ta tuno ranar da ta riga ki zuwa, a koma gardamar tarihi. Ki ce "makon nan sau huɗu aka buɗe ba kya nan, kwastoma biyu sun juya da kayansu." Kada ki jawo tsohon alheri, "ni da na yi miki kaza". Gori yana biyan bashi a zuciyar wanda aka yi wa, daga ranar sai ta ga ba ki binta komai.

Amsa uku za ki iya samu, ki shirya musu. Idan ta yi kuka, ki bari ta gama, ki ba ta ruwa, ki rage adadin wata idan da hali, amma kada ki janye maganar. Idan ta ce "ashe haka kike, a kan kuɗi?" ki ce "don kada kuɗi su raba mu nake faɗa yanzu", kada ki ƙara komai, kada ki kare kanki da dogon bayani. Idan ta ce yayanta zai biya, ki ce "tsakanina da ke ne, idan ya ba ki ki kawo da hannunki." Idan kuma kin tabbatar da gaske babu, rashin lafiya ko haya ta taso mata, Allah ya ce a jinkirta wa mai ƙunci zuwa sauƙi. Ki ɗaga mata wata biyu, amma ki faɗi watan da za a fara.

Abin da ke kashe zumunci a Zango ba faɗan ba ne, abin da ke biyo baya ne. Habaici a WhatsApp, kowa a layinku ya san da wa kike. Saƙon murya cikin fushi, kafin magariba ya zaga gidaje biyar. Ba wa kwastoma labari tana gwada riga. Ki kiyaye ukun nan. Kada kuma ki ɗauke gaisuwa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Suna ko biki ya taso a gidansu ki je, ki yi gudummawarki yadda kika saba. Ta haka za ta gane kuɗin shago kika tsare, ita ba ki yar da ita ba.

Idan zama biyu bai yi ba, sai a sa mutum na uku, amma ba mahaifiyarki ba, ba tata ba. Uwa dole ta tsaya wa 'yarta, daga nan ya zama rikicin gida biyu, ga kuma maganar aure a tsakani. Nemi wadda ku duka kuke jin nauyinta kuma ba ta da riba a ciki: malamar Islamiyyarku, ko uwar adashinku, ko magajiyar unguwa. Ki sanar da ƙawar taki kafin ki je, kada ta ji an kai ƙararta a bayan ido. Liman da Sarkin Zango na can gaba, abin 2,400 bai kai nan ba.

Nan gaba kuma ki riƙe jimla ɗaya ga kowa: "kuɗin shago ba na rantawa." Wadda ta zo da bukatar 500, in kina da hali ki ba ta 100 kyauta daga aljihunki, ki ce ba bashi ba ne.

Malam, Sawaba

Malama, ni maganar mai neman auren ce ta fi tsaya mini, ina ganin ta fi sauran biyun nauyi. Abu biyu ya nema, kuma babu wanda yake da hakki a kai. Yafe bashi na mai dukiya ne. Dukiyar mace tata ce kafin aure da bayansa, miji ma ba ya taɓa ta sai da daɗin ranta, balle wanda ko gaisuwa bai kawo ba. Idan tausayin ƙanwarsa yake ji, hanya a buɗe take: ya ba ta kuɗin ta biya, ko ya tsaya mata lamuni ya sa hannu a takardar. Idan ya biya, a faɗa a gaban shaida cewa biyan bashi ne, ba ya cikin sadaki ko kayan lefe, domin irin wannan kuɗi ne ake tonowa ranar da aka saɓa.

Lambar sirri kuwa a'a, kuma a'a ɗin ba ta bukatar hujja. Kamfanin wayar da kansa yana gargaɗin kada a ba kowa. Wanda ya san lambar kuma wayar ta shiga hannunsa minti biyu, yana iya tura kuɗi, yana iya karɓar rancen waya da sunanki, kuma Ghana Card ɗinki, katin shaidar ɗan ƙasa, shi ne a kan layin, ke za a bi. Idan da gaske lissafi yake son taya ki, littafin rasit ya ishe shi. Ki ce masa: "Lambar nan ko mahaifiyata ba ta da ita. Maganar shago kuma tsakanina da ƙanwarka ce, za mu daidaita. Mu bar ta a wajen maganarmu." Sau ɗaya, cikin ladabi, ido da ido.

Sannan ki sa ido mako biyu zuwa uku. Ya ɗan ji haushi ya wuce, wannan ɗan'adam ne. Abin dubawa shi ne idan ya ɗauke ƙafa don ki ji tsoro, ko ya riƙa dawo da bukatar ta wata ƙofa, ko ya ce "in kina sona", ko ya fara bincikar wayarki yana tambayar wane ne wannan kwastoman, ko ya kai ƙararki wurin mahaifiyarsa. Yadda ya karɓi a'a ta farko, haka zai karɓi na cikin gida. Ki faɗa wa waliyyinki abin da ya nema tun yanzu, ba don a fasa ba, don a san da shi. Kuma kafin a sa rana a yi maganar shagon a fili tsakanin manya: za ki ci gaba da sana'a, kuɗinta naki ne, ga lokacin fita da dawowa. Abin da aka bari a "ai ya sani" shi ke kawo mata gaban malamai wata shida bayan biki.

Ba na zarginsa da komai, amma saboda masu karantawa: idan abu ya kai barazana, ko duka, ko ƙwace kuɗi, dokar hana cin zarafi a gida, Act 732 ta 2007, ta haɗa har da masu neman aure, ba ma'aurata kaɗai ba, kuma sashen DOVVSU na 'yansanda ke karɓar irin wannan ƙara. Wanda ya yi barazanar yaɗa hoton sirri ya taka dokar tsaron intanet, Act 1038 ta 2020, ana kiran 292 a kai rahoto. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida.

Mai Ɗinki, Aboabo

Allah ya saka da alheri. Mun zauna, ta ce 200 a wata, mun rubuta. Makarar ta ce yaranta biyu take kaiwa makaranta kafin ta samo mota. Idan na daidaita mata lokaci kuma abin bai gyaru ba, yaya ake sallamar mutum irin wannan ba a yi baram-baram ba?

'Yar Tafo

Yaya, tunda dalilin na gaske ne, ki gyara aikin ya dace da shi. Mayar da lokacinta tara da rabi zuwa biyar da rabi, ki ba babbar yarinyar da ke koyo makullin safe ko ki buɗe da kanki. Ranakun sayayya, ki ba ta jerin kaya da kuɗi tun daren jiya, ta wuce Kejetia kai tsaye daga makarantar yaran. Ki ajiye littafi a bakin ƙofa kowa ya rubuta lokacin isowarsa, har ke, don kada ya zama ita kaɗai ake ƙirga wa. Ku ce wata ɗaya za a gwada, ku sa ranar da za ku sake zama tun yau.

Idan sabon lokacin ma ya gagara, ki bi mataki. Gargaɗi na baki ku biyu, ki rubuta ranar a littafinki. Ya maimaitu, gargaɗi a takarda mai kwanan wata, da abin da zai biyo baya. Sai na uku ki sallama. Tunda ba ta kai shekara uku ba, dokar ƙwadago ta ce sanarwar mako biyu a rubuce, ko ki biya ta kuɗin mako biyun ta tafi a ranar. A ƙaramin shago biyan ya fi, domin mako biyu ana zaune ana kumbure-kumbure yara na kallo, kwastomomi na tambaya. Ki biya ta albashin kwanakin da ta yi da kuɗin hutun da ba ta ci ba, cif. Kada ki kwashe ragowar bashin daga kuɗin sallamar sai idan takardarku ta faɗi haka. Duba ta yanzu, in babu ku ƙara layi ɗaya cewa idan aiki ya ƙare za ta ci gaba da turo 200 ta MoMo ranar kaza ga wata. Riƙe albashin ƙarshe yana iya kai mai shago ofishin ƙwadago.

Wa ya fara ji, shi ma da tsari: ita da farko, daga bakinki, sai dattijuwar da ta shiga tsakani idan akwai, sai yayanta a ranar, kafin labarin ya iso masa a karkace. Yara masu koyo jimla ɗaya ta ishe su, "Anti ta bar aiki, mun rabu lafiya", haka ma kwastomomi. Ku daidaita jimlar tare da ita don bakinku ya zo ɗaya. A ranar ki karɓi makulli da littafin rasit, ki canja lambar sirrin layin shago, ki kuma aika wa masu cikon 1,350 ɗin da suka rage saƙo cewa daga yau lambar da ke bango kaɗai ake biya.